Gidan da Ba a Yi Zaman Makoki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiyarta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin da ake gani da wanda ba a gani. Kar ki yi mini dariya don na rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutun wasiƙa a firamare, yau ga shi abin ya yi mini rana, domin bakina ya ƙi buɗuwa.

Ranar da kika durƙusa gabana kika ce kin samu aiki a Abuja, wurin lauyoyin nan masu bin sawun mutanen da aka kama aka ɓatar, kin ga na miƙe na shige kicin na hau wanke tukunyar da take a wanke. Kika biyo ni kika ce, "Mama, in ba ki ce in tahi ba, ba inda za ni." Na san halinki, za ki cika maganar. Za ki zauna nan Kambarawa kina kallona da idanun babanki har mu tsufa tare. Kin ce sun ba ki zuwa ƙarshen wata, ga watan ya zo gangara, amsa kuma tana wurina. Kafin in ba ki ita, sai kin ji inda na yi kuskure, don ke labarin da kika sani na bakin mutane ne, kuma mutane sun rufa mini asiri fiye da yadda na cancanta.

Kina aji uku na firamare lokacin, muna tsohon gidanmu na Ƙofar Marusa. Babanki ya dawo daga kotu bayan azahar, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallama daga zaure, murya mai sanyi, ta mai ladabi.

"Salamu alaikum. Barista na ciki?"

Na amsa daga bayan bango, na ce yana ciki amma ya kwanta.

"A yi haƙuri Hajiya, a ɗan taso mana shi. Magana ce 'yar kaɗan."

Ummi, da na ce ba ya nan, ba wanda zai shigo ya duba. Amma an tarbiyyantar da ni cewa ba a mayar da baƙo daga ƙofa, ba a kuma tambayarsa sunansa kamar ana tuhumarsa. Na je na taɓa ƙafarsa na tashe shi. Ya ce, "Su wane ne?" Na ce ban sani ba, amma da jin muryar mutanen kirki ne. Ya zura jallabiya da silifas, ko hula bai sa ba, wayarsa ma tana jikin caji. Har ruwa na zuba a kwanon sha na tura bakin zaure saboda baƙi, na kau da kai, don matar aure 'yar gidan mutunci ba ta leƙen baƙin mijinta. Na ji an rufe ƙofar mota, na ɗauka cikinta suka zauna don zafin rana. Na koma kan tankaɗena. Da aka kira la'asar na leƙa, ruwan yana nan yadda na ajiye shi.

Daga baya kowa sai ya tambaye ni: su nawa ne, wace irin mota, da kaki ko ba kaki? Ban da amsa ko ɗaya. Mai kantin da ke kallon gidanmu ya ce yana alwala, telan gefensa ya ce idonsa na kan keke. Ban ga laifinsu ba, su tsoro ne ya rufe musu ido, ni kuwa ba abin da ya rufe nawa sai kunya. Saboda haka ki ji da kyau. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, amma a aikin da kika zaɓa ki ɗaga kai ki kalli fuskar mutum sosai. Wanda bai faɗi sunansa da inda ya fito ba, kar ki fita wurinsa ko da muryarsa ta fi ta liman daɗi. Kar ki shiga motar da ba ke kika kira ta ba. Duk inda za ki, wani ya sani, kuma ya san lokacin da ya kamata ki dawo.

Da yamma abokin aikinsa Barista Kabir ya zo, gumi ya jiƙa masa riga. A gaban wan babanki, Baffanki Alhaji Sada, ya ce mini, "Hajiya, yau ɗin nan za mu kai maganar rediyo, gobe da sahe mu shigar da ƙara kotu ta sa a hito da shi. Mutum in an ɗauke shi, kwanakin farko su ne ranshi. In sunanshi ya cika gari, sai su ji nauyin taɓa shi."

Baffanki ya ɗaga masa hannu. "Kai yaro, natsu. Irin wannan magana ba a kai ta kasuwa. In ka kunyata wanda ke riƙe da kai, ƙara matse ka zai yi. Mu 'yan birni ne, muna da mutane. A bari in bi ta hannun manya."

Duka biyun suka juyo suna kallona, don ni ce matarsa, da sunana za a shigar da ƙarar. Na sunkuyar da kai na ce abin da Yaya ya ce shi ne. Wan miji uba ne, kuma an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, a ranar dai yaron ne ya hango.

Muka shiga zagayen gidajen manya a GRA. A zaunar da mu a falo mai sanyi, a kawo lemo, a yi gaisuwa mai tsawo har a tambayi lafiyar kakanni, sannan Baffanki ya sassauta murya ya faɗi abin da ya kawo mu kamar mu ne muka yi abin kunya. Amsar ɗaya ce ko'ina: za a bincika, a ci gaba da addu'a, kar dai a bari 'yan jarida su ji. Muka yi shiru kamar yadda aka ce, har makonni suka wuce. Ranar da Baffanki ya gaji ya ce to, a yi yadda lauyoyi suka ce, sawu ya riga ya bushe. Na shiga ofisoshin jami'an tsaro da ƙafata. A ɗaya daga ciki wani ya ce, "Mi ne ne sunan mijin naki?" Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta sunan nan ba, sai ranar, tsaye gaban kantar ofishin, a gaban baƙon namiji. Na ce Lawal. Ya waiwaya ya tambayi na bayansa, ya juyo ya ce ba su da mai wannan suna. A kotu ma haka, kowane ofishi ya turo lauyansa ya ce ba ya hannunsu. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, aka canja wa alƙalin wurin aiki, magana ta bi ruwa.

Ban riƙe Baffanki a zuciya ba, Allah ya jiƙansa, da ƙaunar ƙaninsa ya yi. Amma ke, duk matar da ta zo miki ta ce an ɗauki nata, kar ki bari a ce mata a bi a hankali. Masu ɗaukar mutane ba abin da suke so kamar dangi masu kawaici. Ki girmama manya, ki durƙusa ki gaishe su, sannan ki tashi ki je ki yi ihu. Kuma ki faɗa wa ƙaninki Abba tun yanzu, a gabana, cewa in wayarki ta mutu yini guda ba bayani, kar ya jira izinin kowa, har ni.

Akwai wanda ya fi wannan ci mini rai. Babanki mutum ne mai son ya yi hira da abin da ya dame shi, ni kuma na hana. Da ya fara, "Yau wata tsohuwa ta zo ofis," sai in ce, "Don Allah Barista, ka bar kotu a kotu, nan gida ne." Ina ganin kamar in ban ji ba, abin ba zai shigo mana ba. Ya yi ta bari har ya daina. Shi ya sa da aka tafi da shi ban san shari'ar da ke hannunsa ba, ban san wa ya gani ba, ban san me ya gano ba. Barista Kabir ma rabi ya sani, don babanki ya ce ba ya son ya jefa mai ƙananan yara cikin haɗari.

Mutum ɗaya ce ta san sauran: tsohuwar nan, Tabawa, daga wani ƙauye ta wajen Jibiya. Ɗanta mai gyaran babur ne, aka ɗauke shi ranar kasuwa, ita ce babanki yake yi wa nema, tare suke zuwa duk inda ya je. Ta zo gidanmu cikin kwanakin nan na shiru, da ƙullin kuka da daddawa a hannu, ta zauna a dokin ƙofa ta ce, "Ɗiyata, na ji abin da ya samu Barista. Ban da abin ba ki, na dai zo in zamna tare da ke. Ni na riga ki shiga wanga hali."

Ummi, na tashi na yi mata tas. Na ce, "Ke kika ja mashi! Naki ya ɓata bai ishe ki ba, sai da kika ɓatar mani da nawa. Tashi ki hita mani daga gida!"

Ba ta ce komai ba sai, "Gaskiyarki ce, ɗiyata. Allah shi ba mu haƙuri." Ta ajiye ƙullin ta fita. Sai da hankalina ya dawo, bayan watanni, na sa aka je nemanta. Aka ce mutanen ƙauyen sun watse saboda rashin zaman lafiya, ba wanda ya san inda ta nufa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ni na kori wadda ta zo da irin ciwona, na kuma kori hanya ɗaya da ta rage mana. Don haka kar ki ɗauki shari'a ki ɓoye ta a cikinki ke kaɗai don tausayin wani. Abin da kika sani, mutum biyu ko uku su sani. In kin samu miji, ki zaɓi wanda zai iya sauraro, ki gaya masa gaskiyar aikinki tun kafin a kawo lefe. In kuma wata uwa ta zage ki don baƙin ciki, ta ce ku lauyoyi ne kuka ƙara dagula abin, ki yi haƙurin Tabawa, amma ki koma washegari. Ni da ta dawo da na buɗe mata.

Ku kuwa, ke da Abba, ƙarya na yi muku. Na ce Baba ya tafi kwas. Kika riƙa ɓoye sakamakon jarrabawarki ƙarƙashin katifa wai sai ya dawo ya fara gani, ni kuma ina kallo ina cewa ai ya kusa. Sai da wata 'yar ajinku a Islamiyya ta faɗa miki a wurin faɗa. Kika shigo ko hijabi ba ki cire ba kika ce, "Mama, wai sace Baba aka yi?" Maimakon in rungume ki, na daka miki tsawa na ce kar in ƙara jin wannan magana a bakinki. Kin yi biyayya, ba ki ƙara tambayata ba har yau. Kika koma tambayar littattafai, kika ƙi likitancin da na so miki, kika ce lauya. Ina yawan cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don in ɗora wa jini. Amma in za a faɗi gaskiya, tsawar nan tawa ce ta ɗora ki kan hanyar da yau nake kuka da ita. Yaran da za ki tarar a gidajen mutane, ki roƙi iyayensu mata su gaya musu daidai hankalinsu. Yaro yana iya ɗaukar baƙin ciki, jira ne yake lalata shi.

Jiran nan shi ne abin da ba zan iya kwatanta miki ba, ko da yake a cikinsa kika girma. Da mutuwa ce, da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, an yi sadaka, na yi takaba na fita. Mu ba a shimfiɗa mana tabarma ba. Mata su shigo su zauna su rasa abin faɗa, don ba a ce wa matar mai rai, "Ya haƙuri?" Sai su ce, "Allah ya bayyana," kamar akuya ce ta ɓata. A hankali suka rage zuwa, wasu don gajiya, wasu don mazansu sun ce gidan ana sa masa ido. Abin da ya sa muka bar Ƙofar Marusa ke nan, ba wai gidan ya yi mana kaɗan ba kamar yadda na ce muku.

Malamin unguwa ya yi mini bayani da kyakkyawar niyya. Ya ce shari'a ba ta bar mace a rataye ba: in kai maganar gaban alƙali, ya bincika, ya yanka mini shekara huɗu, in babu labari in yi takaba in huta. Na ce a'a. Na ga kamar in na je, da bakina na kashe shi. Idan ya shigo washegarin ranar fa? Haka na zauna, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. In na ɗaga hannu ban san me zan ce ba, Allah ya jiƙansa ko Allah ya kuɓutar da shi, sai in haɗa biyun in bar wa Allah ya zaɓa. Ranar da Baffanki ya rasu, na ga matarsa zaune cikin takaba ana ta shigowa yi mata gaisuwa, wallahi hassada ce ta kama ni. Na yi hassadar matar da mijinta ya mutu, Ummi, Allah ya yafe mini. Har yau ban sani ba ko ƙin zuwa wurin alƙalin nan amana ce ko wauta. Abin da na sani, matar da ta je kar ki raina ta, wadda ta ƙi zuwa kar ki matsa mata.

Kin nuna mini a wayarki matan wasu ƙasashe masu nisa, farare da baƙaƙe, tsaye a titi da hotunan 'ya'yansu a ƙirji, wasu har sun yi furfura. Kin ce a can ma lauyan da ya tashi nema sai a neme shi a rasa. Kin nuna mini ne don in ga ba mu kaɗai ba ne. Ni kuwa furfurar na kalla. Na ce ashe duniyar duk haka take, ashe akwai wadda ta fi ni ihu kuma ta tsufa hannu wofi kamar ni. Dubi Barista Kabir, mutumin da ya fi kowa zafi. Bayan an fara kiransa a waya ana tambayarsa lafiyar 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya koma shari'ar filaye da gidajen haya. In mun haɗu a wurin biki, daga nesa yake gaishe ni ya sunkuyar da kai. Ban zarge shi ba ko sau ɗaya. Mutum ɗaya suka ɗauka a zaurenmu, amma lauyoyin da suka yi shiru a garin nan saboda shi ba su ƙirguwa, kuma don haka aka ɗauke shi.

Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba. Ban yi imani za ki samo babanki ba, in ma da wannan a ranki ki cire. Ban yi imani za ki samo mafi yawan waɗanda za ki nema ba. Za ki yi ta hawa benen kotu, a ɗaga, a sake ɗagawa, iyayensu mata su mutu ɗaya bayan ɗaya kina riƙe da fayil. Masu yin abin nan ba su gajiya, ba su jin kunya, mu ne muke gajiya. Da so samu ne, in ɗaure ki a ƙafar gadona ki yi shari'ar filaye har ki yi jikoki.

Amma na tuna yadda na tsaya gaban kantar nan ni kaɗai, da yadda na so a ce akwai lauya ɗaya mai baƙar riga a gefena da zai ce a'a, ku sake dubawa. Yanzu haka akwai wata tsaye a wurin. In na hana ki, na sake korar Tabawa, kuma na gaji da yin shiru don tsoro, ban ga abin da ya tsare mini ba.

Ki tafi, Ummi. Na amince, na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka. Kar ki zo ki durƙusa kina godiya, ba zan iya ba. Ki haɗa kayanki kawai, zan gane kin karanta.

Allah ya kai ki lafiya, ya makantar da idon azzalumi daga kanki, ya sa ki fi ƙarfin masu bin dare da masu bin rana, ya sa ke za ki rufe ni ba ni zan rufe ki ba. Wannan ita ce addu'ar da kowace uwa take yi, kuma ina yin ta safe da yamma. Amma akwai wadda nake ƙarawa a sujada, wadda ban taɓa zaton uwa za ta roƙa wa ɗiyarta ba. Nakan ce: ya Allah, in ka ƙaddara ajalinta yana kan wannan hanya, to ka sa ya same ta a fili, a gaban mutane, a san ranar, a san wurin. A kawo mini ita gida in yi mata wanka da hannuna.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi
Kambarawa, Katsina